Alamomin kumburi a jinin masu gazawar zuciya da aka dasa wa famfon zuciya

Alamomin kumburi sinadarai ne da ƙwayoyin jini waɗanda yawansu ke ƙaruwa ko raguwa idan garkuwar jiki ta tashi tsaye, kuma ana auna su a ɗakin gwaje-gwaje daga jinin da aka ɗiba. A wajen masu fama da gazawar zuciya mai tsanani waɗanda aka dasa wa famfon zuciya, likitoci suna bin diddigin waɗannan alamomi don su gane halin da jiki yake ciki kafin tiyata, yadda ya karɓi na'urar bayan tiyata, da kuma ko wata matsala tana shirin kunno kai, kamar shigar ƙwayoyin cuta, zubar jini ko daskarewar jini a cikin famfon. Fitattu daga cikinsu su ne CRP, IL-6, IL-8, TNF-alfa, furokalsitonin da adadin fararen ƙwayoyin jini.

Famfon yana gyara gudanar jini, wanda hakan ke rage kumburin da gazawar zuciya ta haifar. Amma shi kansa baƙon abu ne a cikin jiki, yana gurzar jini dare da rana, kuma yana da wayar da ta huda fata. Saboda haka alamomin kumburi sukan sauka bayan an dasa shi, sai dai a wajen marasa lafiya da dama ba sa komawa matakin na mai cikakkiyar lafiya.

Ma'anar kumburi a nan

A Hausar yau da kullum, kumburi yana nufin tashin wani sashe na jiki, kamar kumburin ƙafa. Mai gazawar zuciya yakan yi irin wannan kumburin saboda ruwa da ya taru a jikinsa. Kumburin da wannan maƙala take magana a kai wani abu ne daban: martanin da garkuwar jiki take mayarwa idan nama ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shigo. Idan a fata ya faru, ana ganin ja, zafi, tashi da ciwo. Idan kuma ya bazu cikin jini da gaɓoɓin ciki, ido ba ya ganinsa, sai dai gwajin jini ya nuna shi. Abubuwan biyu suna da alaƙa, domin taruwar ruwa a hanji da hanta tana cikin abubuwan da ke ta da garkuwar jiki.

Famfon zuciya

Gazawar zuciya yanayi ne da zuciya ba ta iya tura jini gwargwadon buƙatar jiki. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 64 ne ke fama da ita a duniya. Idan ta kai matakin da magani ba ya yi, zaɓin da ya rage shi ne dashen zuciya ko famfon roba da ƙarfe.

Nau'in da aka fi dasawa ana kiransa LVAD a taƙaice, wato na'urar da ke taimaka wa ɗakin zuciya na ƙasa na ɓangaren hagu. Ba a cire zuciyar mutum. Ana jona bakin famfon a ƙasan ɗakin hagu, ya ja jini, ya tura shi ta wani bututu zuwa babbar jijiyar jini ta aota. Wata waya tana fitowa ta fatar ciki ta haɗu da na'urar sarrafawa da batura waɗanda mutum yake ratayawa. Ana dasa shi don mara lafiya ya jira dashen zuciya, ko ya rayu da shi iya rayuwarsa idan dashe bai dace da shi ba, ko kuma, a wajen mutane kaɗan, don zuciyar ta huta ta farfaɗo a cire shi.

A 1966 Michael DeBakey ya yi amfani da irin wannan famfo cikin nasara a birnin Houston na Amurka, ga wata mata da ta kasa farfaɗowa bayan tiyatar zuciya, aka cire shi bayan kwana 10. Famfunan farko suna bugawa ne kamar zuciya. A gwajin REMATCH da aka wallafa a 2001, wanda ya ƙunshi marasa lafiya 129, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka dasa wa famfo sun kai shekara guda a raye, idan aka kwatanta da kashi 25 na masu shan magani kaɗai. Amma a cikin masu famfon, bazuwar ƙwayoyin cuta a jini ita ce ta fi kashe su, abin da ya jawo hankali kan garkuwar jikin waɗannan mutane.

Famfunan yanzu suna da farfela mai juyawa ba tsayawa, jini yana gudana ba tare da bugu sosai ba, har wani lokaci ba a jin bugun jijiya a hannun mai shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da HeartMate II a 2008 don masu jiran dashe, da kuma 2010 don amfani na dindindin. HeartMate 3, wanda farfelarsa ke shawagi a tsakiya da ƙarfin maganaɗisu ba ta taɓa komai, ya sami amincewa a 2017 da 2018. Kamfanin Medtronic ya daina sayar da famfon HeartWare a watan Yuni 2021.

Kumburi kafin a dasa famfo

Mara lafiya yana zuwa ɗakin tiyata ne da kumburi tuni a jikinsa. A 1990 Levine da abokan aikinsa suka nuna cewa TNF yana da yawa a jinin masu gazawar zuciya mai tsanani, musamman waɗanda suka rame ƙwarai. Daga baya aka ga cewa IL-6 da CRP su ma suna hauhawa yayin da cutar take tsananta.

Akwai hanyoyi da dama da ke kawo wannan. Tsokar zuciyar da aka miƙe fiye da kima tana samar da TNF da kanta, ƙwayoyinta da suka mutu kuma suna sakin abubuwan da ke kiran fararen ƙwayoyin jini. Gaɓoɓin da jini ba ya isa gare su, irin su ƙoda da tsokoki, su ma suna sakin sinadaran kumburi. Sai kuma hanji: idan jini ya taru a bangonsa ya kumbura, shingen da ke tsakanin abin da ke cikin hanji da jini yakan yi rauni, wani guba na jikin bakteriya ya tsallaka. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 1999 ya sami wannan guba da yawa a jinin masu gazawar zuciya da jikinsu ya cika da ruwa, ya kuma ragu bayan an ba su maganin fitsari.

Kumburin bai tsaya a matsayin alama kawai ba, yana yin ɓarna. TNF da IL-1 suna rage ƙarfin matsawar tsokar zuciya, suna ƙara mutuwar ƙwayoyinta da yin tabo a cikinta, suna kuma cinye tsokar jiki. IL-6 yana sa hanta ta samar da hefsidin, wanda ke kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiyarsa, daga nan ƙarancin jini ya biyo baya.

Manyan alamomin da ake aunawa

CRP furotin ne da hanta ke samarwa bisa umarnin IL-6. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930 a jinin masu ciwon huhu. Yana fara hawa cikin sa'o'i 6 zuwa 8 bayan rauni ko cuta, ya kai ƙololuwa wajen sa'o'i 48, kuma rabinsa yana barin jini cikin kimanin sa'o'i 19 idan abin da ya ta da shi ya gushe. A gwajinsa mai zurfi, ƙasa da miligiram 1 a lita ana ɗaukarsa ƙaramin haɗari ga zuciya, sama da 3 kuma babban haɗari. Yana da araha kuma kusan kowane asibiti yana iya auna shi, amma ba ya faɗin daga ina kumburin ya fito.

IL-6, IL-8 da TNF-alfa suna cikin rukunin saitokin, wato ƙananan furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su. IL-6 yana riga CRP hawa. IL-8 da wani ɗan'uwansa MCP-1 aikinsu shi ne jawo fararen ƙwayoyin jini zuwa inda ake buƙatarsu. An fi auna waɗannan a wajen bincike, ba a kulawar yau da kullum ba.

Furokalsitonin kaɗan ne ƙwarai a jinin mai lafiya, yana hawa sosai idan bakteriya sun bazu a jiki. Shi ya sa ake amfani da shi don rarrabe kumburin tiyata da na ƙwayoyin cuta, duk da cewa babbar tiyata ita ma tana ɗaga shi na kwana ɗaya ko biyu.

Ƙidayar fararen ƙwayoyin jini tana ba da wani ma'auni mai sauƙi, wato raba yawan nutirofil da yawan limfosait. Idan jiki yana cikin matsi, na farko suna ƙaruwa, na biyu suna raguwa, sakamakon ya hau. Albumin kuwa sauka yake yi idan kumburi ya daɗe.

Galektin-3, ST2 da GDF-15 suna tsakanin kumburi da tabon zuciya. Galektin-3 yana fitowa ne daga makrofej, manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye ƙazanta, kuma ƙoda ce ke taimakawa wajen fitar da shi, don haka ciwon ƙoda yana ɗaga shi. ST2 yana hawa idan tsokar zuciya tana cikin matsi.

Akwai ma'auni biyu da ba na kumburi ba ne kai tsaye amma ana karanta su tare da sauran. NT-proBNP yana nuna miƙewar bangon zuciya. LDH kuma yana nuna fashewar jajayen ƙwayoyin jini a cikin famfo.

Abin da ke faruwa bayan tiyata

Ana iya raba sauyin alamomin zuwa matakai. A kwanakin farko komai yana hawa. Buɗe ƙirji, ratsawar jini ta na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata, ƙarin jini, da dawowar jini zuwa gaɓoɓin da suka daɗe cikin ƙishirwa, duk suna ta da garkuwar jiki. IL-6 da IL-8 suna kai ƙololuwa cikin sa'o'i, furokalsitonin wajen kwana guda, CRP kuma a rana ta biyu ko ta uku. Idan martanin ya wuce kima, jijiyoyin jini suna saki, hawan jini ya faɗi, ƙoda da hanta su fara kasawa. Waɗanda suka shiga tiyata da IL-6 ko CRP mai yawa, ko albumin kaɗan, bincike da dama ya nuna sun fi fuskantar wannan haɗari, da kasawar ɓangaren dama na zuciya, da daɗewa a sashen kulawa ta musamman.

A makonni da watannin da ke biyo baya, alamomin suna sauka. Jini yana isa ƙoda da hanji, ruwan da ya taru yana janyewa, ɗakin hagu yana samun hutu. NT-proBNP yana raguwa sosai. A 1999 Torre-Amione da abokan aikinsa suka kwatanta naman zuciyar da aka yanko lokacin dasa famfo da wanda aka samu lokacin cire shi, suka ga TNF na cikin tsokar ya ragu.

A mataki na uku, wato zama da famfon na dogon lokaci, an sha samun CRP, IL-6, IL-8, MCP-1 da TNF sama da na masu lafiya ko da mutum yana jin daɗin jikinsa, yana tafiya, babu alamar cuta. Sakamakon bincike bai zo ɗaya ba kan kowace alama, domin yawancin nazarce-nazarcen na asibiti ɗaya ne da mutane kaɗan, da famfuna mabambanta, da lokutan ɗibar jini mabambanta. Abin da aka fi haɗuwa a kai shi ne kumburin yana raguwa amma ba ya ƙarewa.

Dalilan da ke hana kumburin gushewa

Na farko shi ne haɗuwar jini da baƙon abu. Cikin famfon titaniyom ne, bututunsa kuma na zaren roba. Furotin na jini suna manne musu nan take, daga nan tsarin daskarewar jini da na garkuwa su kunnu. Tsohon famfon HeartMate mai bugawa an yi cikinsa da kaushi da gangan don ƙwayoyin jikin mutum su shimfiɗu a kai. Wannan ya rage daskarewar jini, amma ƙwayoyin da suka zauna a wurin sun zama wata masana'antar saitokin.

Na biyu shi ne gurzar jini. Farfelar HeartMate II tana juyawa wajen sau 9,000 a minti, ta HeartMate 3 kuma tsakanin 5,000 da 6,000 a yawancin mutane. Jinin da ke ratsa ƙaramin gurbi da irin wannan gudu yana fuskantar jan ƙarfi da ya zarce na cikin jijiya nesa ba kusa ba. Wasu jajayen ƙwayoyi suna fashewa su saki himogulobin, wanda ke cinye sinadarin da ke sassauta jijiyoyi, ya kuma ta da ƙwayoyin garkuwa. Fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini su ma suna kunnuwa.

Na uku shi ne ƙarancin bugu. Shimfiɗar cikin jijiyoyi ta saba da hawa da saukar matsin jini, kuma ana ganin rashin hakan yana canza ɗabi'arta. An ƙera HeartMate 3 yana sauya gudunsa duk bayan daƙiƙa 2 don ya samar da ɗan bugu ya kuma wanke cikinsa.

Na huɗu ita ce wayar da ta huda fata. Bakteriya suna yin wani danƙo a jikinta wanda magani ba ya ratsawa da sauƙi, don haka ana iya samun ƙaramar cuta da ke ci a hankali ba tare da zazzaɓi ba.

Alaƙa da matsalolin famfo

Shigar ƙwayoyin cuta. Wurin fitar waya shi ne ya fi kamuwa, kuma bakteriyar da aka fi samu su ne Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa. A 2011 ƙungiyar dashen zuciya da huhu ta duniya ta raba cututtukan masu famfo gida uku: na jikin na'urar kanta, masu alaƙa da ita kamar cutar jini, da waɗanda ba ruwansu da ita kamar ciwon huhu. Tunda CRP na waɗannan mutane yana sama tun asali, likita ya fi dogara da yadda ya canza daga matakin da mutumin ya saba. Ana haɗa shi da furokalsitonin, shuka jini da ruwan miki don gano ƙwayar cutar, da hoton PET idan ana zargin cutar ta bi waya ta nutsa ciki.

Raunin garkuwa. Wani bincike daga jami'ar Columbia da ke New York, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙwayoyin garkuwa na T a jikin masu tsohon famfo suna kunnuwa fiye da kima har su mutu, lamarin da ya bar mutanen a buɗe ga cututtuka irin na fangas. A ɗaya ɓangaren, ƙwayoyin B suna yawan samar da makaman da ke yaƙar naman wani mutum. Wannan yana da muhimmanci ga mai jiran dashe, domin yana rage yawan zukatan da za su dace da shi ya tsawaita jiransa.

Zubar jini. Zubar jini a hanji da haɓo suna cikin manyan dalilan komawa asibiti. Gurzar famfo tana warware babban furotin na von Willebrand, wanda ke taimaka wa jini ya daskare, sai wani sinadari ya daddatse shi. Ga kuma maganin warfarin da mutum yake sha kullum. Ban da haka, ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari suna tsirowa a bangon hanji. Masu bincike a jami'ar Chicago sun danganta wannan da hauhawar anjiyopoyetin-2 da TNF-alfa a jinin masu famfo, inda suka sami TNF mai yawa a wajen waɗanda suka yi zubar jini.

Daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Kumburi da daskarewar jini suna ciyar da juna: saitokin suna sa jini saurin daskarewa, gudan jini kuma yana ƙara kumburi. An lura cewa haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa a lokacin da mai famfo yake da cuta a jini. Idan gudan jini ya fara taruwa a cikin famfo, LDH ne yake fara nunawa. A rahoton da asibitoci uku na Amurka suka wallafa a farkon 2014, daskarewar jini a HeartMate II cikin wata 3 na farko ta tashi daga kashi 2.2 zuwa kashi 8.4 cikin ɗari, kuma LDH ya ninka fiye da sau biyu a makonnin da suka gabaci gano matsalar. A gwajin MOMENTUM 3 mai mutum 1,028, HeartMate 3 ya rage wannan matsala ƙwarai, kuma bayan shekara 5 kimanin kashi 58 na masu shi suna raye, idan aka kwatanta da kimanin kashi 44 na masu HeartMate II.

Yunƙurin magance kumburin

Ganin alama tana tafiya tare da cuta bai tabbatar da cewa rage ta zai warkar ba. An gwada magungunan toshe TNF a kan masu gazawar zuciya a farkon shekarun 2000. Etanercept bai yi amfani ba a manyan gwaje-gwajen da aka haɗa sakamakonsu da sunan RENEWAL. Infliximab kuwa, a gwajin ATTACH mai mutum 150, ya ƙara mutuwa da kwanciya asibiti a wajen waɗanda aka ba su mai yawa. A 2017 gwajin CANTOS, mai mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu yana sama, ya nuna cewa toshe IL-1 beta yana rage sake aukuwar matsalolin zuciya, amma ya ƙara mutuwa ta hanyar ƙwayoyin cuta. Ga mai wayar da ta huda fatarsa, danne garkuwar jiki haɗari ne babba.

Saboda haka kulawar yau ta fi karkata ga rage abubuwan da ke ta da kumburin: dasa famfo kafin ƙoda da hanta su lalace, gyara abincin mara lafiya kafin tiyata, tsaftace wurin fitar waya da ɗaure ta don kada ta riƙa motsi, daidaita gudun famfo da hawan jini, da ci gaba da magungunan gazawar zuciya. A 2023 gwajin ARIES-HM3 ya nuna cewa barin asfirin ga masu HeartMate 3 da ke shan warfarin yana rage zubar jini ba tare da ƙara daskarewa ba. Ana kuma aiki kan famfunan da za su karɓi wuta ta cikin fata ba tare da waya ba.

Iyakokin gwaje-gwajen

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ya keɓanta ga famfon zuciya. Ciwon haƙori, gyambo, ciwon gaɓoɓi, ƙiba da ciwon ƙoda duk suna ɗaga CRP, yayin da raunin hanta ko magungunan sitiroyid ke iya sauke shi ko da akwai cuta. Saitokin suna hawa da sauka cikin sa'o'i, kuma hanyoyin auna su sun bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani. Yawancin bayanan da ake da su kuma an tattara su ne a kan tsofaffin famfuna, don haka ana sake nazarinsu a kan na yanzu. Likitoci suna karanta sakamakon gwaji ne tare da yanayin mara lafiya, ƙididdigar wutar da famfon yake ja, da hoton zuciya.

Duba kuma

Gazawar zuciya
Dashen zuciya
Garkuwar jiki
Daskarewar jini